Har Ta Iso Babban Yatsa

Ranar da Nashwa ta fara ganin Hazim, hannunsa ta riga gani. Yana zaune a ɗakin gashin ƙashi na wani asibiti a garin Dumyat, ya rungume hannunsa na dama kamar jinjiri. Zarton inji ne ya yanke shi a wuyan hannu, ya tsinka jijiyar da ke ɗaukar saƙo daga babban yatsa zuwa laka, daga laka zuwa ƙwaƙwalwa. Likitoci sun ɗinke ta, saura haƙuri.

"Rufe ido," ta ce, ta shafa yatsan da auduga. "Ka ji?"

"Muryarki kawai na ji, Dakta."

Ta sunkuyar da kai. Ta shiga ƙwanƙwasa fatar a hankali daga tabon zuwa tafi, har ya zabura.

"Nan! Kamar lantarki!"

Ta ɗiga biro a wurin. "Jijiya tsirowa take kamar saiwa, milimita ɗaya a rana. Inda ka ji zirr, nan kanta ya iso."

"Ashe kunkuru ce."

"Kunkuru ma yana isa," ta ce can ƙasa-ƙasa.

Kowace Talata ɗigon yana matsawa kaɗan. Da Nashwa ta lura ta fara canza mayafi sau biyu ranar Talata, sai ta miƙa Hazim ga shugabarta, Madam Afaf. Da yamma saƙonsa ya shigo:

"Kin gudu kin bar ni da mai hannun maƙeri. Tunda na daina zama majinyacinki, zan iya zuwa gaida Baba?"

Ta rubuta ta goge, ta sake rubutawa: "Jumma'a bayan la'asar, Kunkuru."

Mahaifinta, Usta Gharib, ya tsufa yana sassaƙa furanni a jikin kujeru, sana'ar da Hazim ma ya tashi a cikinta. Ran Jumma'a aka kawo shayi a kofin gilashi, yana tururi. Hazim ya ɗauka da dama, yana ta amsa tambayoyi cikin ladabi.

"Ajiye kofin nan, yaro," tsohon ya ce.

Ya ajiye. Yatsan ya tashi bororo, shi kuwa bai sani ba.

Bayan tafiyarsa Usta Gharib ya dubi Nashwa.

"Halinsa ba abin kushewa, 'yata. Amma masassaƙi da yatsa yake gani, wannan kuwa makaho ne. Da me zai riƙe ki? Ga Midhat ɗan gwaggonki da shagon maganinsa, kullum uwarsa na yi mini zarya."

"Baba, jijiyar tana hanya."

"In ta iso a gaya mini."

Nashwa ta san ba kowace jijiya ke isowa ba. Wata takan maƙale a tabo, ta tsaya ke nan. Ba ta faɗa wa kowa ba, sai dai ta tsawaita sujada.

Sanyi ya wuce, Midhat ya turo da akwatin alewa har sau biyu. Hazim kuma ya daina zuwa asibiti, ya daina ɗaga waya. Ta ɗauka fushi yake da maganar Baba. Wata safiya saƙo ya zo:

"Hasken idona, hannun ya gama lalacewa. Da ba na jin komai, yanzu ko iska ta taɓa shi kamar garwashi. Ki bi maganar Baba. Na yafe miki alkawari."

Ta karanta, hawaye ya zubo. Ta sake karantawa, sai ta dafe baki, ta rubuta masa amsa:

"Kunkuruna, kai ko akwai wauta. Matacce yana jin zafi ne? Sabuwar jijiya ce take ihu, don ba ta koyi magana ba tukuna. Ka koma wurin Madam Afaf gobe, in ba haka ba ni zan zo in jawo ka."

Ya koma. Madam Afaf ta yi masa tatas, sannan ta sa shi wasa da auduga, da shinkafa, da yashi, har ƙwaƙwalwa ta sake gane yaren yatsan.

Ran nan Nashwa ta durƙusa gaban mahaifinta. "Baba, ka ce a gaya maka."

Ya sa aka kira Hazim. Bai tambaye shi komai ba, da kansa ya zuba shayi ya miƙa masa. Hazim ya karɓa da dama.

"Wash!"

Kofin ya tarwatse a ƙasa. Hazim ya duƙa yana ba da haƙuri, kunya ta rufe shi. Tsohon ya riƙe kafaɗarsa, idonsa ya cika.

"Bar shi, ɗana. Ban taɓa murna da asarar kofi ba sai yau."

Ranar ɗaurin aure, ango da Usta Gharib, waliyyin amarya, suka haɗa hannu yadda aka saba a garin, babban yatsa a kan babban yatsa, malam ya rufe su da farin hankici. Nashwa na leƙe daga cikin mata. Ta ga Hazim ya runtse ido.

Guɗa ba ta lafa ba wayarta ta yi motsi.

"Amaryata, akwai kanta mai tauri a fatar yatsan Baba, ta gefen hagu. Na ji ta."

Ta rungume wayar a ƙirji. Daga tsakar masallaci muryar Usta Gharib ta taso:

"Allah ya sa albarka. Allah ya sa kowannenku ya riƙa jin ciwon ɗan'uwansa."

Jama'a suka amsa da amin.