Sunan da Iya Ba Ta Faɗa

Tun rasuwar kakarsa, Iya Talatu, barci ya ƙaurace wa Suhaibu, shi ya sa ya karɓi ban ruwan dare a gonarsu ta tumatir da ke bayan Bunkure. A ɗakinta aka yaye shi. Sunan mijinta ya ci, don haka bakinta bai taɓa furta sunan ba, sai dai ta ce "Maigidana", tana tsokanarsa wai ya hana ta cefane.

Yana cikin buɗe wa gona ruwa daga babban kanal, kwaɗi suka yi tsit gaba ɗaya. Ƙanshin man shanu da hayaƙin kara ya bugi hancinsa, irin na ɗakin Iya. Ya haska tocila. A tsallaken ruwan ga tsohuwa tsugune, lulluɓe da zanen saƙi.

"Dubi yadda ka rame," in ji ta. "Tsallako, na dama maka fura."

Muryar Iya ce, har da ɗan tarin nan nata. Hawaye suka zubo masa. Bai san sa'ad da ya shiga ruwan ba, tun yana gwiwa har ya kai masa ƙugu, yana fizgar ƙafafunsa.

"Iya, ashe ba ki tafi ba?"

"In tafi in bar wa wa kai? Matso, Suhaibu."

Ya tsaya cak, ruwa a ƙirjinsa. Ko a ciwon ajalinta Iya ba ta kama wannan sunan ba.

Tsohuwar tana nan tsugune inda take, amma hannun da ta miƙo ya riga ya wuce tsakiyar kanal.