Injin da Ke Sauraron Ruwa

Dab da magariba na tarar da maganin olsar jikata a kan tabarma. Ta manta shi, ga ta ba ta ci komai ba ta fita. Na ƙulle shi a bakin mayafi, na ɗauki sandata mai bakin ƙarfe. Zan fita ke nan na ga murfin tsohuwar rijiyarmu a karkace.

Marigayi maigidana ne ya rufe rijiyar nan, ranar da aka ciro gawar ƙanwarsa daga ciki. Kayanta sharkaf, jikinta kuwa a bushe ƙamas kamar itacen girki. Tun ranar na kafa doka: ba a ɗiba.

Ni ban yi boko ba. Abin da na sani game da aikin Mai Tabarau, haka nake kiranta, shi ne abin da ta faɗa mini. Wai kowane nama yana da tantani siriri, irin na cikin ɓawon ƙwai, ruwa na shiga yana fita ta jikinsa. Sai ta sa tantanin da ɗigon ruwa a siririyar kwalba, ta zura a wani inji mai ƙaton maganaɗisu. Injin ya ƙwanƙwasa ruwan, ruwan ya amsa, ita ta saurara.

"Ke da ba kya jin kirana, ruwa za ki ji?" na ce mata.

"Ai shi ba ya yi mini faɗa, Kaka," ta ce, tana dariya.

Da na isa ɗakin bincikensu, kowa ya tashi. Mai gadi ya tafi salla, ya bar butarsa a bakin ƙofa. Na bi dogon baranda, sandata na ƙara a kan siminti. Da na taɓa zuwa, warin magani na ji. Yau warin danshi ne da gansakuka. Na san warin nan.

Ƙofar a buɗe take. Injin na tsaye a tsakiyar ɗaki, fari, kamar ƙaton tankin ruwa mai ƙafafu. An ja jan layi a ƙasa an kewaye shi. Jikata na zaune a cikin layin, ta juya mini baya.

"Kaka," ta ce a hankali, ba ta waiwayo ba. "Kar ki tsallake layin da sandar nan. Ƙarfe ba ya shiga. Injin zai mutu."

"Ina kika samo ruwan?"

"Ɗigo ɗaya ne. Na so in gwada ruwan da ya daɗe a kwance."

"Cire shi. Yanzu."

Ta ɗaga hannu. Kwalbar na tsakanin yatsunta.

"Na cire tun ɗazu. Babu komai a ciki. Amma dubi."

A allon kwamfutar da ke bakin ƙofa, wani koren zare na tsalle. Ya kwanta. Ya sake tsalle.

"Na daina ƙwanƙwasawa, Kaka. Shi ne bai daina amsawa ba."

Sai na ji. Ɗum. Kamar guga ya taɓa ruwa can ƙasa.

Ɗum.

Ta juyo. Leɓɓanta sun tsattsage. Tabaranta ya zame har kan hanci, don fuskar ta rame. Ruwa na tsattsafowa daga fatarta, amma ba ƙasa yake gangarawa ba. Gefe yake yi, ɗigo bayan ɗigo, yana bin iska zuwa bakin injin.

Na yi a'uziyya. Harshena ya bushe kafin in ƙarasa.

Daga cikin injin wata murya ta fito, siririya, irin ta mai magana daga rami.

"Matar yaya... ƙishirwa nake ji."

Mutum ɗaya ce ta taɓa kirana haka: ƙanwar maigidana.

"Bar mini ita," muryar ta ce. "Ta kusa ƙarewa."

Na tsallake layin.

Sandar ta fizge kanta daga hannuna, ta daki cikin injin. Ƙara kamar aradu. Farin hayaƙi mai sanyin ƙanƙara ya cika ɗakin, numfashi ya gagara. Na lalubo wuyan hannunta na ja. Ba nauyi. Kamar kara nake ja.

Wani abu mai laima ya kama idon sawuna. Na bar masa takalmin.

A waje na juye mata butar mai gadi a ka. Ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba. Fatarta ta shanye duka. Sai ta yi tari, ta buɗe ido.

Injin ya mutu, kamar yadda ta faɗa. Aikinta ya bi shi. Ta daɗe ba ta yi mini magana ba, ni kuma ban ba ta haƙuri ba. Na sa magina sun cike rijiyar da siminti.

Yanzu ta murmure, sai dai yatsunta a yamutse suke, kamar na wadda ta wuni tana wanki. Kuma duk magariba, in ta ɗauki kofi, ruwan ciki yakan yi rawa shi kaɗai. Sai in ga ta karkata kai tana saurare.

Nakan ɗora tafin hannuna a bakin kofin.

"Ba da ke ake ba," in ce mata. "Kar ki amsa."