Filin da Ya Ɓata a Takardar Gado na Shida

Ni na fara gani, kafin likita, kafin Sufeto. Ban yi boko ba, amma shekara talatin ina ɗauko takardar magani daga na'ura ina kai wa ɗakin majinyata. Shugabanni huɗu na binne a asibitin nan.

Ranar Talata mutumin gado na shida ya mutu. An yi masa allurar da jikinsa ba ya so.

Sufeton 'yan sanda ya sami nas ɗin da ke kula da shi a zaune, hannuwa a cinya, ko kuka ba ta yi.

"Ke kika yi allurar?"

"Ni ce, ranka ya daɗe. Abin da takarda ta ce na yi."

Ya duba. Sunan maganin yana ƙarƙashin "A ba shi". Ya wuce ofishin mai kwamfuta.

"Ka taɓa umarnin da ke buga takardar nan?"

"Rabona da shi wata shida, yallaɓai. Buga ka gani."

Aka buga. Ƙarƙashin "A ba shi" fili ne fari, maganin yana can ƙarƙashin "Kada a ba shi". Sufeto ya taɓa ankwar da ke aljihunsa. Tunda na'ura ta buga daidai, sai kotu ke nan ga nas.

A bakin ƙofa dattijon da ke kai takardu ya tare shi. Ni ke nan.

"Ɗana, takardar Talata ramammiya ce. Kullum rubutun a baje yake zuwa, ranar kuwa ya cure gefe guda kamar awaki a ruwan sama."

Sufeto ya jera ta Litinin, ta Talata, ta Laraba. Ta tsakiya kaɗai ta tsuke.

Ya koma wurin mai kwamfuta. "Nuna mini layin da ke bugawa."

A allon an rubuta "$layi", da alamar zance gaba da baya.

"Waɗannan 'yan kunnuwan fa?"

"Su ke riƙe tazara. In babu su, fili goma sai ya koma ɗaya."

"Cire su, ka buga."

Takarda ta fito a tsuke. Maganin ya zamo, ya faɗa ƙarƙashin "A ba shi".

Sufeto ya ce, "Na'urar ta ce ranar Laraba da sassafe aka gyara wannan umarni. Wata shida, ka ce?"

Mai kwamfuta ya juyo daga allon.

"Litinin da dare na sake rubuta layin, na manta su. Da na ji ya mutu, na mayar."

"Ka bar nas da gawa."

"Na bar ta."

Aka fita da shi. Nas ta ɗauki jakarta, ta tsaya bakin gado na shida, ta gyara zanin da ba kowa a kai, ta tafi.

Duk mai musu ya zo da takardu biyu, ya ɗaga su daga ƙarshen baranda. In ban nuna masa ramammiyar ba, ya karɓi hulata.