Tokar Gidan Alhaji Sidiku

A rani na shekarar 1989 Jibirilu ya fara ganin Atikatu, yana tsaye cikin rami har ƙirji a gonar mahaifinta, a bayan garin Salaga. Ɗan Bawku ne, ɗalibin jami'a mai nazarin kayan tarihi da ke binne a ƙasa. Ita kuwa koko ta kawo wa masu aikin.

"Sannu, Malam Mai-tono," in ji ta. "Samari na neman sama, kai kana neman ƙasa. Me ka ɓatar?"

"Ban ɓatar da komai ba, 'yar Gwanja, amma yau ina jin na tsinci abu."

Ta rufe fuska da gyale, ta ajiye ƙwaryar ta tafi. Bayan wannan rana ba ta ƙara barin ƙannenta su kai kokon ba.

Mahaifinta, Alhaji Sidiku, jikan masu masaukin fatake ne tun zamanin cinikin goro. Gonarsa tudu ce mai baƙar ƙasa, doyarta ta fi ta Bimbilla girma ba tare da takin gwamnati ba. Duk Salaga an san bayaninsa a kai: albarkar kakansa ce. Ya so Jibirilu saboda ladabinsa, har ana sa ran magabata za su zo daga Bawku.

Sai wata Juma'a a ƙofar gida, gaban dattawa, wani ya tambayi yaron abin da ya baƙanta ƙasar. Ɗokin ilimi ya rinjaye shi.

"Ai tsohon juji ne, Baba. Toka ce da ƙasusuwa da kashin jakuna suka ruɓe."

Alhaji ya gyara zama.

"Kakana ya sauki baƙi, ubana ya sauki baƙi, ba a taɓa jin baƙo ya ci tuwonmu ya kira gadonmu juji ba. Ka rufe raminka, kada in ƙara ganinka a zaurena."

Karimu, wani mai tarakta daga Yendi da ya daɗe yana son Atikatu, bai yi sanya ba. Ya yi ta kiranta "sarauniyar juji" a tasha, yana cewa Jibirilu ne ya raɗa mata sunan, sannan ya aiko da goron neman aure, da alkawarin baje tudun duka a faɗaɗa gona.

Ranar da za a cike ramin, Atikatu ta zo hannu wofi, idanunta jawur.

"Jibirilu, haka ka ɗauke mu? 'Ya'yan shara?"

"Wallahi, hasken idona, ban faɗa don raini ba. Sauko ki gani, in kin ga abin kunya, na haƙura da ke."

Ta sauka ta tsani. Ya nuna mata jikin ramin: toka bisa toka, fara da baƙa, ta wuce tsayinsa. Ya ɗora mata wani kasko mai kauri a hannu. Ta bi lanƙwasar bakinsa da yatsa.

"Wannan tukunya ai sai ta biki."

"Irinta ce tun daga ƙasa har sama. Kullum biki ake yi a nan."

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta harare shi. "Kai da karatunka, wannan ne ka kasa faɗa? Jira ni."

Ta durƙusa gaban mahaifinta ta ce, "Baba, kai ka koya mana cewa kakanninmu ba sa yanke hukunci sai sun taka wurin da ƙafarsu." Alhaji bai iya musa maganar kansa ba. Ya ɗauki sanda, ya tattare riga, ya sauka ramin.

"Wannan duka murhu ne?" ya tambaya.

"Murhun gida ɗaya, Baba. Ga ƙasusuwan raguna, ga inda aka ɗaure jakunan fatake. Abin da suka ciyar da baƙi, ragowarsa ce ke ciyar da ku yau."

Alhaji ya shafa tokar. "An gaya mini ba a taɓa kashe wuta a gidan nan ba. Na ɗauka yabon maroƙa ne." Ya juyo. "Yaro, bakinka ba shi da gishiri, amma ba ka yi ƙarya ba. Tarakta ba za ta hau tudun nan ba. A mayar wa ɗan Yendi goronsa, kai kuma ka turo manyanka."

Bayan babbar salla aka ɗaura auren. Motoci suka zo daga Bawku da Yendi da Karaga. Alhaji ya sa aka kafa murafun biki a kan tudun, ya hana a kwashe tokar.

"A bar ta nan," in ji shi. "Wanda zai tona bayanmu ya ga mu ma ba mu gaza ba."

Atikatu ta raɗa wa angonta, "Jikokinka aka bar wa aiki, Malam Mai-tono."

Allah ya sanya albarka a gidansu, ya sa wutar murhunsu ta daɗe tana ci don baƙo.