Notin da Ya Jefa Abah Cikin Taɓo

Ranar da Barkati ya fara ganin Mahrita ko sallama ba ta yi masa ba. Leda ta zazzage a kan kantarsa, guntayen noti masu tsatsa suka watse har ƙasa.

"Kai ne Barkati?"

Ya dubi sunan da ke ɗinke a ƙirjin falmaran ɗinsa, ya dube ta. Fuskar a murtuke take, amma shi kam ya ga kyau.

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Raina zai daɗe in ban bi shawararka ba. Wata takwas da suka wuce mahaifina ya zo nan, ya ce gadar katako zai yi daga ƙofar gida zuwa titi. Ka ba shi waɗannan, ka ce har jikokinsa za su taka."

Duk wanda ya san unguwanninmu na bakin kogi a birnin Banjarmasin na Indonesiya ya san gadar ƙofar gida ba abin wasa ba ce, don ƙarƙashinta ruwa ne da taɓo. Mahaifin Mahrita, Abah Masdar, malamin makaranta mai ritaya, da hannunsa ya yi tasa da katakon ulin, wani itace mai taurin gaske. Ranar wata Juma'a ya gayyato abokansa na masallaci su bakwai, ya tsaya a tsakiyarta yana buga ƙafa yana cewa, "Yaron kanti ya ce har jikokina!" Bai rufe baki ba gadar ta buɗe. Aka tsamo dattawa takwas kamar kifi, babu wanda ya ji ciwo sai mutuncin Abah. Tun daga ranar unguwa ta raɗa masa suna Malam Har-jikoki.

"Wallahi ba ni ba ne," in ji Barkati. "A lokacin ina sashen labule. Yau kwanana huɗu a nan."

"To naka sunan ya karanta. Lokacin hayaƙin gobarar daji ne, kowa da takunkumi a fuska, amma suna ai ba ya sa takunkumi." Ta tura masa noti guda. "Gaya mini, wanne ya kamata a sa?"

A wannan babban kantin kayan gini, ma'aikaci ba ya rasa amsa. Jiya yana sayar da matashin kai, yau an tura shi sashen famfo, ka tambaye shi zurfin rijiya ya ba ka amsa yana murmushi. Barkati ya juya notin a hannu.

"Ban sani ba."

"Me ka ce?"

"Ban sani ba. Amma ki ba ni mako guda, zan nemo wanda ya sani."

Mahrita ta ɗaga kai ta dube shi. A kantin magani take aiki, ta san nauyin wannan kalma.

"Da ni nake ba da magani yadda kuke ba da shawara, da rabin garin nan na kabari," ta ce, amma muryar ta sauka. Ta rubuta lambarta a takardar ƙorafi ta fita.

Washegari Barkati ya hau kwalekwale zuwa wurin Julak Jumberi, wani tsohon maƙerin jirgin ruwa. Tsohon ya dubi notin ya yi dariya har da tari.

"Yaro, wannan ai na rataye hoto ne a ɗaki! Ruwanmu mai tsami ne, ulin kuma taurin kai gare shi. Sai ka huda shi tukuna, sannan ka sa ƙarfen da ba ya tsatsa, ko turken ulin ɗin kansa. Kakanninku da turke suka yi, ga gidajen nan tsaye."

Da yamma ya tura mata saƙo:

"Assalamu alaikum. Na samo amsa, na kuma samo zagi kyauta daga wani tsoho. Amsar taki ce, zagin nawa."

Ta maido masa: "Wa alaikumus salam, Mai Noti. Ka riƙe zagin da kyau, ka cancanta. Amsar kuma ka kawo ta da bakinka, ina tashi aiki ƙarfe huɗu."

Daga nan aka fara. Shayi mai ƙanƙara a bakin kogi, romon kaza na soto ranar Lahadi, saƙo safe da rana. Shi yana kiranta Galuh, kamar yadda muke kiran ɗiya abar lallashi, ita kuma ta ƙi sakin Mai Noti. Duk ranar hutunsa yana wurin Julak Jumberi yana koyon huda katako, hannunsa duk ya yi kanta.

"Galuh, yau na karya bakin injin huda biyu. Tsoho ya ce in koma labule."

"Kar ka koma. Labule bai taɓa sa na yi dariya ba."

A kanti kuwa ya ɗebo ruwan kogi a kwalabe uku, ya jefa noti iri uku, ya jera a kan kantarsa. Cikin 'yan makonni ruwan kwalbar farko ya koma kamar shayi, ta biyu ta fara ja, ta uku tana nan garau. Masu saye suka riƙa tsayawa suna kallo. Manaja ya zo da niyyar faɗa, ya tarar da layi, ya juya kamar wani abu ya manta.

Mutum ɗaya abin bai yi wa daɗi ba, wato Yusran, babban ma'aikacin sashen, mai gashi kullum a shafe da bakin da ya fi zuma zaƙi. Shi ma ya ga Mahrita ranar farko, ya kuma kwafi lambarta daga takardar ƙorafi. Ya je gidansu da kwalin kek, ya bi ta kan faifan katako guda da aka shimfiɗa a madadin gada, ya zauna gaban Abah a ladabce.

"Abah, a madadin kantinmu nake ba da haƙuri. Yaron nan Barkati mun sha ja masa kunne."

Don haka ranar da kawun Barkati ya zo neman izinin auren Mahrita, Abah ko zama bai bari ya gama ba.

"Wanda ya jefa ni a taɓo gaban jama'a? In ba shi 'yata? Wanda bai iya riƙe katako biyu ba, gida zai riƙe?"

Mahrita ta yi kuka ranar. Abin da ya fi ci mata rai shi ne shakkar da ta shige ta. Yusran ya turo mata cewa ma'aikata kan yi canjin sashe na yini guda, wa ya sani ko ranar Barkati ya leƙo? Kwana uku ba ta amsa saƙonsa ba.

"Galuh, shirunki ya fi faɗanki zafi. In na yi laifi ki zazzage mini shi a kan kanta kamar ranar farko."

Ta karanta, ta kife wayar. A rana ta huɗu ta kasa haƙuri, ta tafi kantin don ta dubi idonsa ta tambaye shi. Kafin ta kai kantarsa ta ji murya a bayan jerin fenti. Yusran ne da wata tsohuwa mai neman abin toshe yoyon rufi, yana miƙa mata gwangwanin fentin ɗaki.

"Ki shafa wannan, Hajiya, ki kwanta ki yi barci. Har jikokinki!"

Mahrita ta tsaya cak. Ta ƙarasa, ta karɓe gwangwanin daga hannun tsohuwar ta mayar da shi inda aka ɗauko shi, ta nuna mata inda Barkati yake. Ita kuma ta fita da sauri, dariya da hawaye suna gasa a fuskarta.

Ranar Asabar ta sa Abah a gaba. Ta ɗaura masa takunkumi, ta kifa masa hular kamun kifi.

"Wai wasan yara za ki sa ni, Mahrita?"

"Tambaya ɗaya kawai, Abah. In na yi kuskure, ba zan ƙara ambaton sunansa a gidan nan ba."

Abah ya isa gaban Yusran, ya sauya murya. "Ɗana, gada zan yi a kan ruwa, katakon ulin. Wane noti?"

Yusran ko ɗaga kai bai yi sosai ba. Ya miƙa hannu ya ciro kwali, irin wancan sak.

"Ga shi, Baba. Ka ɗaura ka manta. Har jikokinka za su taka."

Abah ya cire hular a hankali, ya sauke takunkumin.

"Maimaita, ɗana. Kunnena ya tsufa."

Bakin zuma ya bushe. "Abah… ai… wato…"

"Wato me? Wata da watanni yara suna bina da wannan magana har ƙofar masallaci!"

Barkati ya iso da gudu jin hayaniya. Da ya ji zancen sai ya dafe kai. "Falmaran! Yusran, ranar da romon soto ya zube maka, nawa ka ara ka yini da shi!"

Ma'aikata suka taru, masu saye suka taru, wata mata ta ce ita ma shi ya ba ta gam ɗin takarda ta liƙa bututu. Kafin azahar manaja ya mayar da Yusran sashen tsintsiya da bokiti, inda shawara ba ta kashe kowa.

Abah ya juya ga Barkati, ya daɗe yana kallon kwalaben nan uku.

"Na zalunce ka, yaro, ka yafe mini. Amma rashin laifi ba ya gina gada. Za ka iya?"

"Ni kaɗai ba zan iya ba, Abah. Amma na san wanda zai tsaya a kaina."

"To ka zo da shi. In ta tsaya, ka turo kawunka."

Ranakun hutu huɗu suka yi suna aikin. Julak Jumberi na zaune a inuwa yana zagi, Barkati na cikin taɓo har gwiwa yana huda yana buga turke, Abah na miƙo kaya yana gardama. Mahrita kuwa ayaba soyayya take aikowa ta taga, da saƙo:

"Mai Noti, taɓo ya yi maka kyau. Amma ka wanke kafin kawu ya zo."

"Galuh, ko a taɓon aka ce a ɗaura, na shirya."

Aka ɗaura aure bayan ƙaramar salla. Da hantsi aka zo al'adarmu ta ɗaukar ango da amarya a kafaɗa, daga titi har ƙofar gida, kuma babu wata hanya sai gadar. Mutane suka yi cirko-cirko a bakinta, musamman dattawan nan bakwai, kowa na tura ɗan'uwansa gaba.

Abah ya ratsa su. Ya taka har tsakiya cikin fararen kayansa, ya buga ƙafa sau ɗaya, ya sake bugawa, sannan dattijo mai shekara sittin da biyar ya daka tsalle. Ko ƙara gadar ba ta yi ba.

"Ku hawo!" ya yi ihu. "Duk ku hawo, har masu ganga!"

Aka ɗunguma. Masu kiɗa, 'yan rawa, mata da tire a ka, ga ango da amarya a sama bisa kafaɗun ƙarti suna lilo. Mahrita ta miƙo hannu ta kama yatsun Barkati masu kanta.

"Tsoro kake ji?"

"Na gadar? A'a. Mai ɗauke da ni ne ban yarda da shi ba."

Ta yi dariya har furen kanta ya zube.

A ƙofar gida aka sauke su. Abah ya kama hannun 'yarsa ya ɗora a cikin na Barkati, ya riƙe su duka biyu.

"Ita kaɗai gare ni, ɗana. Na ba ka ita da zuciya ɗaya, ban bar komai a raina ba. Allah Ya zaunar da ku lafiya, Ya sa albarka a gidanku, Ya tsare ku daga bakin da ke faɗin abin da bai sani ba."

Mutum fiye da saba'in suka amsa da amin, dukansu tsaye a kan gadar.