Dutsen Ƙofar Gidan Su Auta

Gilashin ƙara girma ne ya kai shi shagon tabarau. Ɗan ƙarami ne mai igiya, wanda yake ratayawa a wuya idan ya shiga daji duba duwatsu. Ya tsage.

Yarinyar da ke bayan kanta ta ɗaga shi sama, ta kanne ido ɗaya.

"Wannan ai ba tabarau ba ne, Malam."

"Da shi nake gani."

"Ganin me?"

"Cikin dutse."

Ta dube shi tun daga takalminsa mai laka har zuwa gudumar da ke maƙale a ɗamararsa. "Allah ya ƙara lafiya," ta ce. Amma ba ta mayar masa ba. Babanta mai gyaran agogo ne, akwai tsoffin gilasai a gida, za ta duba.

Ya dawo ya karɓa. Bayan nan ya yi ta dawowa ba abin karɓa. Auta ake kiranta. Ita ta sa masa Mai Guduma, shi kuma ya ce mata Idona.

Aikinsa neman ma'adinai. Ya yi karatu a nesa, inda ɗalibi ke fasa duk dutsen da ya gani a bakin hanya ba mai tambayarsa na wa ne. Ya dawo da takardar shaida, ya dawo da halin.

"Dutse ma yana canzawa," ya gaya mata ran nan, tana goge tabarau. "Laka ce take nutsewa can ƙarƙashin ƙasa. Zafi ya gasa ta, nauyi ya danne ta. Ba ta narke ba, ba ta kuma koma laka ba. Ruwan cikinta ya fito da zafinsa, ya kwashi tagulla da zinariya, ya kai su cikin tsaga ya ajiye. Tsagar muke bi."

"Haka ake zance a ƙasar da ka yi karatu?"

"Haka na iya."

"To ci gaba. Ban ce ka daina ba."

Ranar da zai fara gaida Baba, mahaifinta, ya sa fararen kaya, ya bar guduma a mota. Daga ƙofar gida ya tura mata saƙo: "Na iso, Idona."

Ta amsa: "Ka jira, yanzu zai fito alwala. Ka tsugunna, ka rage surutu. Don Allah kada ka yi masa maganar laka."

Yana mayar da wayar aljihu idonsa ya faɗa kan wani dutse. A gefen ƙofa yake, toka-toka, samansa ya yi sumul. Jikinsa cike da jajayen ƙwayoyi kamar 'ya'yan rumman, da siraran shuɗayen tsinke a tsakaninsu. Garin nan a kan yashi yake zaune. Babu yadda za a yi wannan dutse ya zama na nan.

Bai tuna sanda ya koma mota ya ɗauko guduma ba. Bugu ɗaya ya yi, gefen ya ɓalle.

Da ya ɗago, ga dattijo tsaye da buta.

"Sannu da aiki," in ji Baba.

Daga cikin gida Gwaggo, yayar Baba, ta leƙo ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Neman aure ya zo ko rushe gida?"

Baba bai ɗaga murya ba. "Ubana ne ya ɗauko wannan a ka daga garinsu. A kansa ya yi alwalarsa ta ƙarshe. Ka gama? Ko akwai abin da za ka ƙara fasawa kafin in zauna?"

Bai san da wace ƙafa ya tafi ba. Sai a gida, yana cire riga, ya ji nauyi a aljihu. Guntun dutsen ne. Hannunsa ya jefa shi ciki kamar yadda ya saba.

Ya tura kawunsa ban haƙuri. Kawu ya dawo ya cire hula ya ajiye a gwiwa. "Ya ce wanda hannunsa ke riga kansa, ba ya ba shi 'ya. Ni ma, ɗana, da ni ne haka zan ce."

Labari ya zaga unguwa. Wani mai sayar da tayil, wanda ya daɗe yana son Auta, ya aiko da farin benci na marmara aka ajiye a ƙofa. Gwaggo ta yi ta shi masa albarka da ƙarfi don maƙwabta su ji. Mai Guduma ya daina bin layin. Ya daina bin layin shagon tabarau ma.

Saƙonta ne ya same shi a wurin aiki.

"Gwaggo ta ce har guntun ka sace. Gaskiya ne?"

Ya rubuta ya goge, ya rubuta ya goge. Ya tura: "Gaskiya ne."

Ta amsa: "To tunda ka sata, ka gaya min me ka gani a ciki da ya mantar da kai a ƙofar wa kake. Idan ba komai, kada ka ƙara kirana Idona."

Ya kai guntun ɗakin gwaji. Ya yanka shi, ya goge yanki ɗaya har haske na ratsa shi, ya sa a na'ura. Sannan ya rubuta mata:

"Jajayen ƙwayoyin ba a cikin lakar suke ba tun farko. Zafi ne ya sa ƙarfen da ke cikinta ya tattaru ya haife su. Shuɗin kuma ba ya fitowa sai an danne dutse ƙwarai. Su biyun tare, a yankin nan duka, a tsauni ɗaya na taɓa ganinsu. Shi ya sa na rikice. Ba hujja ba ce. Kunyarki nake ji, Idona."

Ba ta amsa da saƙo ba, kira ta yi.

"Ka ce tsauni ɗaya?"

"Ɗaya."

"Baba bai san garin Kaka ba. Tun Kaka yana saurayi aka watse saboda fari, har ya rasu ba ya son zancen. Abin da yake cewa kawai, bayan tsauni. Baba ya tambayi duk wanda zai tambaya." Ta numfasa. "Bencin nan bai taɓa zama a kai ba. Kan fasasshen yake zama."

"Ba zan iya haɗa ido da shi ba."

"To kada ka haɗa. Ka kalli ƙasa, ai sana'arka ce."

Ya sami Baba a rumfarsa, gilashi a ido, cikin agogo a buɗe a gabansa. Ya tsugunna a bakin rumfar, mutane na wucewa suna kallo. Ya ajiye guntun a kan tebur, gida biyu.

"Ka ƙara fasa shi," in ji Baba.

"Na ƙara, Baba."

Ya faɗi abin da ya gani, a taƙaice, kansa a ƙasa. Baba ya ɗauki ɓarin da aka goge ya kai kusa da gilashin idonsa. Ya daɗe yana juya shi.

"Kana so ka saye ni da labari."

"A'a, Baba. Ban san garin ba. Tsaunin na sani. Ko kun hana ni Auta, zan kai ku."

Baba ya rufe agogon da ke gabansa. "Motarka tana da birki, ko ita ma irinka ce?"

Suka tafi su biyu. Kwalta ta ƙare, suka bi turba, turba ta ƙare, suka taka. A gindin tsaunin ƙasa ta fara ƙyalli. Suka zagaya bayansa. Cikin ciyawa akwai jerin duwatsu a zagaye, tushen ɗakuna ne da suka rushe, da bakin wata rijiya da ta cike. Duk dutse ɗaya ne: toka-toka, jajayen ƙwayoyi, shuɗin tsinke.

Baba ya zauna a kan ɗaya. Ya shafa shi da tafin hannu. Mai Guduma ya juya baya ya yi kamar yana duba wani abu a nesa, har ya ji dattijon ya fyace hanci.

"Kai. Ina gudumar?"

"Na bar ta a gida, Baba."

"Ka ji sakarai. Yau da ake nemanta." Ya nuna wani dutse babba, mai faɗin sama. "To sai ka ɗauka dungurungum. A ka, yadda ubana ya yi."

"A kai ƙofarku?"

"Ina da nawa, ko da yake wani ya rage masa gefe. Wannan na ƙofar Auta ne. Idan na zo gidanku ina so in sami wurin alwala."

Ya ɗauka. Wuyansa ya yi ta ciwo har ranar ɗaurin aure, bai gaya wa kowa ba sai ita, ita kuma ta yi dariya har da hawaye.

Gwaggo ta kafa sharaɗi, aka karɓa: guduma ba ta ƙara taka layinsu. Bencin marmara ita ta gaje shi. Da aka shafa fatiha, Baba ya riƙe hannun ango ya ƙi saki.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Kai kuma, duk abin da ya burge ka a gidan mutane, ka fara yin sallama."

"In sha Allahu, Baba," ya ce, yana kallon ƙasa.