Wanda Jitar Nafi'u Ta Kira

Ku rage fitilar nan. Mubina, ajiye wayar, ko in ja bakina in yi shiru. Yauwa. A cikinku wa ya taɓa jin Goggo Zuwaira tana waƙa? Ke Mubina da ta haife ki, kin taɓa ji? Ba ki taɓa ba. Kuma duk kun ga hannun hagun Baffa Nafi'u, yatsu uku a sandare, an ce muku ƙofar mota ce ta datse shi. Ƙofar mota wai. Ku matso, amma kada in ji zancen nan a bakin kowa gobe.

Kakansu, Baba Jatau, mai goge ne. Ba gogen biki ba, na 'yan bori. Kafin ya rasu ya tuba, ya ƙona gogen da hannunsa. Abu ɗaya ya saura, wani tsohon kaset na kiɗansa, a naɗe cikin tsumma a ƙasan akwatin ƙarfe. Zuwaira a hannunsa ta tashi, kuma ya sha gaya mata yadda abin yake. Kowane ɗaya cikin mutanen ɓoye da takensa. In ka goga taken, mai shi zai zo. In ya zo, ba ya tafiya sai an yi masa sallama. Sallamar kuwa bai taɓa yarda an ɗauke ta a kaset ba.

Lokacin nan Zuwaira murya gare ta. Ko wanke-wanke take, maƙwabta sai sun rage rediyo. Ba a biki a dangi sai ita ke ba da waƙa.

Shi kuwa ƙanenta Nafi'u, Allah ya shirya, lokacin ne kansa ke hayaƙi. Wando a yage a gwiwa, wai da gangan. Gashi kamar tsintsiyar da ta ƙare. Shi da abokansa uku suka haɗa ƙungiyar wani kiɗan Turawa da ake ce wa rok. A jona jita da wutar lantarki, a yi ta ƙwala ihu kamar an taka wutsiyar kare, shi ke nan an yi waƙa. In aka ambaci gogen kakansa sai ya taɓe baki, ya ce kayan ƙauye.

Kwana uku Zuwaira tana jin wani sauti na fitowa daga ɗakinsa. Yana mata kama da wani abu, ta rasa mene ne. Ranar Asabar bayan isha'i tana ɗauraye kwanuka, sai abin ya faɗo mata. Kwanon ya suɓuce. Ta je ta buɗe akwatin ƙarfe. Tsumma na nan, kaset babu. Nafi'u kuma ya riga ya fita, a daren ne za su yi wasansu na farko gaban jama'a.

Ta zari mayafi, ko Inna ba ta gaya wa ba.

Wurin wani tsohon sito ne a bayan layin dogo, nan Kaduna, can wajen kogi. An shafa masa baƙin fenti an ce kulob. Mai Keke ya sauke ta a bakin titi, ya ce shi ba ya shiga lungun nan da dare. Ta bi gefen dogo ita kaɗai. Mai tsaron ƙofa ya dubi mayafinta ya yi 'yar dariya, ya buga mata tambari a bayan hannu sai ka ce akuyar da za a kai kasuwa.

Ciki bai fi zauren gidan nan sau uku ba. Mutum sittin, in sun kai. Hayaƙin taba, tsamin gumi, turare mai arha. Samari da baƙin tabarau a cikin duhu, ko me suke gani, oho. Kowa na kaɗa kai sama da ƙasa kamar ƙadangaru a kan katanga. Ƙara kuwa har cikin haƙori ake jin ta. Zuwaira ta ji takaici ya cika ta. Wannan shirmen ne aka raina gogen Baba Jatau dominsa.

Ta kutsa gaba wajen dandamali tana kiran sunan Nafi'u. Ko ita ba ta jin muryar kanta.

Sai Nafi'u ya matso makirufo, yana haki, yana wani yanga.

“Wannan sabuwa ce,” in ji shi. “Ni na ƙirƙira.”

Maƙaryaci. Yana sa yatsa a kan wayar jita ta gane taken, duk da ya cika shi da kururuwa.

Da farko fankar da ke sama ta tsaya. Ba wanda ya lura. Sai sanyi ya kama ta a idon sawu, iya idon sawu kawai. Warin taba ya ɓace, aka bar wani wari irin na tsohuwar rijiya.

Akwai mutum a gefenta.

Ba ta ga shigowarsa ba. Dogo ne, dattijo, cikin farar riga ɗinkin da, da jar hula. Ana ture kowa a wurin nan, ana taka kowa, amma shi ba mai goga shi. Mutane na kauce masa ba tare da sun san suna kaucewa ba.

“Jikar Jatau,” in ji shi.

A hankali ya faɗa. A wurin da ihu ba ya jiyuwa, ta ji shi tsaf, kamar su biyu ne a ɗaki. Ta sunkuyar da kai don kada su haɗa ido, kuma da ta sani da ba ta sunkuya ba. A ƙarƙashin rigar babu takalmi, babu yatsu. Kofato ne, irin na jaki.

Ta san ba a gudu, ba a kuma ƙin amsawa.

“Na'am, Baba.”

“Shekara goma sha biyar ba a kira ni ba. Na ji takena, na yi wanka, na sa riga.” Ya nuna dandamalin da leɓe. “Na zo na tarar da wannan. Ba tabarma, ba turare, ba gaisuwa. Garwa ake buga min.”

“Yaro ne, Baba. Bai sani ba.”

“Ya san sata.”

Ya sake duban dandamalin.

“In ya gama haukansa, zai sallame ni?”

Ta girgiza kai.

“Bai iya ba,” in ji dattijon. “To shi zai raka ni gida.”

Nan take wuta ta ɗauke. Janareto a waje ya yi tari biyu ya mutu. Mai ganga ya tsaya, mai ɗayar jitar ya tsaya. Amma jitar Nafi'u ba ta tsaya ba. Jitar lantarki, babu lantarki, tana kuka ta cika ɗakin. Wawayen nan suka hau tafi da fito, wai sabon salo ne. Suka kunna fitilun wayoyinsu suna haska shi.

A wannan hasken ta ga fuskarsa. Yangar nan duk ta zube. Yana ƙoƙarin ɗage hannunsa na hagu daga wayoyin, hannun ya ƙi. Jini na bin wuyan jitar yana ɗiga. Idonsa ya faɗa kanta, leɓensa ya motsa. Yaya, yake cewa.

Dattijon ya juya ya nufi ƙofar baya, wadda ke kallon kogi. Ƙwas. Ƙwas. Duk takun da ya yi, Nafi'u ma sai ya yi ɗaya a bayansa, yana kiɗa, yana hawaye. Har ya sauko daga dandamalin. Mutane na buɗe masa hanya suna shewa.

Zuwaira ta laluba kanta, ba ta san wata sallama ba. Ba a taɓa koya mata ba. Sai ta tuna wani abu. Tana ƙarama, duk daren da Baba Jatau ya dawo daga wasa, ba ya shiga gida kai tsaye. Sai ya tsaya a bakin zaure, ya juya baya ga gidan, ya rera wata 'yar waƙa marar kalmomi sau uku, can ƙasa-ƙasa. Ita a zatonta nishaɗi ne. Har ta haddace tana yi wa 'yar tsanarta.

Ta sha gabansu a bakin ƙofar. Ta ja numfashi.

Dattijon ya tsaya ya dube ta.

“Ki yi tunani,” in ji shi. “Bakin da ya sallame ni, shi nake saurare har abada. Ko kwano kike wankewa kika ɗan rera, zan ji. Kuma zan zo.”

Ta dubi ƙanenta. Ɓarawo, marar kunya, mai raina kakansa. Ita ta goye shi tun yana tsumma.

Ta rera.

Ta kai ƙarshen na farko. Wani ɗan tabarau ya ce, “Hajiya, nan ba gidan suna ba ne,” aka yi dariya. Ba ta ko dube shi ba. Ta rera na biyu, sanyin ya sake idon sawunta. Tana kai ƙarshen na uku wayoyin jitar suka tsinke gaba ɗaya, Nafi'u ya zube a ƙasa. Ɗakin ya yi tsit.

“Yanzu na ji waƙa,” in ji dattijon.

Ya kama hannunta ya sa mata wani abu. Hannunsa sanyi kamar ƙasan randa. Ya fita, tana jin kofaton a kan siminti, sannan a kan tsakuwar dogo, sannan babu.

Wuta ta dawo. Fanka ta ci gaba da juyawa. Kun san me mutanen nan suka yi? Tafi suka yi, suna a ƙara, a ƙara. Mutum sittin, ba ɗaya da ya san abin da ya tsaya a tsakiyarsu. Washegari ma suka yi ta ba da labari wai ba a taɓa wasa irin na daren nan ba.

Sai a bakin titi ta buɗe tafinta. Silin izga ne guda ɗaya, fari, irin wanda ake ɗaura wa goge.

Yatsun Nafi'u ba su sake lanƙwasuwa ba. An je asibiti, an yi hoto, ƙashi lafiya lau. Kaset ɗin ta ƙona shi da safe. Izgar ta ƙi cin wuta. Ta jefa ta kogi, washegari ta same ta a ƙarƙashin matashinta. Tana nan har yau a ƙasan akwatin ƙarfe, kuma wanda ya taɓa akwatin nan ni da shi ne.

Aka yi ta roƙonta waƙa a biki, tana cewa maƙogwaro ke damunta, har aka gaji aka daina. Sau ɗaya tak ta manta. Bayan ta yi aure ta haihu, wani dare jaririyar na zazzaɓi, ta ƙi nono, ta ƙi goyo, sai tsala kuka. Ba ta san lokacin da bakinta ya fara rarrashi ba. Ko layi ɗaya ba ta kai ba.

Ƙwas, a tsakar gida. Ƙwas. Ya zo daidai labulen ɗakin ya tsaya.

Ta cusa gefen zaninta a baki ta cije. Haka ta zauna har aka kira assalatu, 'yarta na kuka a ƙirjinta, ita tana jijjiga ta shiru, hawaye na zuba.

Jaririyar nan ke ce, Mubina. Sai ki daina cewa uwarki ba ta da fara'a.

Ku kuma, siton na nan har yanzu, an mai da shi wurin sayar da taya. Kada wanda ya bi bayan dogon nan shi kaɗai in rana ta faɗi. In kuma kun tsinci kiɗan da ba ku san yadda ake rufe shi ba, ku bar shi inda kuka gan shi. Ku tashi ku kwanta. Kada in ji wani yana rera komai a hanya.